3.4 Malanta A Bakin Raha: Nazarin Karon Alhaji Imam Da Malam Zurƙe A Ruwan Bagaja

A fasalin da ya gabata an duba zubi da tsarin littafin Ruwan Bagaja. Wannan fasali zai dubi yadda marubucin ya yi amfani da raha wajen fito da halin malamai da na jama'ar da ke kewaye da su. Tambayar da ake son amsawa ita ce: wa marubucin yake yi wa dariya, malami ko kuwa masu sauraron malami?

Kafin a amsa, ya kamata a san matsayin marubucin. An haifi Abubakar Imam a Kagara a 1911 a gidan malamai, ya yi karatun allo, sa'an nan ya shiga Kwalejin Katsina. Yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina ya rubuta wannan littafi don gasar ƙagaggun labarai ta 1933, wadda Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a ƙarƙashin Rupert East. Ke nan ɗan gida ne a zaure, ɗan gida ne a aji. Duk abin da ya faɗa a kan malanta daga ciki ya gano shi.

Tauraron littafin, Alhaji Imam, ya tashi a hannun Liman amma bai yi karatu ba. Duk da haka da ya isa garin Saburi sai ya shiga rigar malanta, mutanen gari suka karɓe shi hannu biyu. Ana nan sai ga Malam Zurƙe ɗan Muhamman, wanda shi ya yi karatun gaske, aka haɗa su a gaban jama'a. Alhaji ya zana wani lanƙwasasshen layi a ƙasa ya nemi Zurƙe ya faɗi ko mene ne. Zurƙe ya bi haruffan Larabci masu irin wannan siffa yana ambata, Alhaji yana ƙaryata shi, daga ƙarshe ya ce ai jinjirin wata ne. Jama'a suka duba suka ga lalle ya yi kama da wata, suka yanke wa Zurƙe hukuncin jahilci, aka kore shi daga garin.

Idan aka yi la'akari da wannan fage za a ga abubuwa uku. Na farko, duk amsoshin Zurƙe suna kan hanya, domin ya ɗauki tambayar a matsayin ta ilmi. Na biyu, Alhaji ya yi nasara ne saboda ya san iyakar masu kallo: ba su san harafi ba, amma kowa ya san wata. Na uku, alƙalancin gasar yana hannun waɗanda ba su da ma'aunin da za su auna ta. Saboda haka dariyar da mai karatu zai yi wa Zurƙe ba ta daɗewa, sai ta koma kan mutanen Saburi, waɗanda suka kori mai sani suka riƙe mai baki. A nan gugar zanar take.

Wani abin da ke ƙarfafa wannan ra'ayi shi ne mafarin labarin da ƙarshensa. Tafiyar Alhaji ta samo asali ne daga kunyatar da aka yi wa Liman a fada, lokacin da ya ce ruwan Bagaja zai warkar da ɗan sarki. A ƙarshe ruwan ya samu, maganar Liman ta tabbata. Littafin da ya buɗe da wulaƙanta malami ya rufe da wanke shi, da wuya a ce manufarsa cin mutuncin malamai ce.

Wannan raha tana da tushe biyu. Na farko shi ne adabin Larabci, musamman Maƙamatul Hariri, littafin Hariri na Basra (1054 zuwa 1122) mai maƙama 50, wanda manyan ɗalibai ke karantawa a zaurukan ƙasar Hausa. A cikinsa Abu Zaid yana yawo gari gari yana sauya kama, yana cin abinci da fasahar harshe. Sai dai akwai bambanci. Abu Zaid masani ne da ke yaudara da saninsa, Alhaji kuwa jahili ne da ke yaudara da jahilcin wasu. Wannan juyi da Imam ya yi shi ya mai da nauyin laifin kan jama'a.

Tushe na biyu shi ne adabin baka. A ƙasar Daura, kamar sauran ƙasar Hausa, yara suna yin wani wasan tashe a watan azumi inda ɗayansu ke sa gemun auduga da rawani, ya riƙe allo, ana tuhumarsa da yin rawa yana musu, har ya ɓuge da taka rawar. Ana yin wasan a ƙofar gidajen malamai su kansu, su yi dariya su ba da sadaka. Wannan ya nuna cewa Bahaushe ya daɗe da bambanta ilmi da mai ɗauke da shi: ilmi abin girmamawa ne, mai rawani kuwa mutum ne, ana iya taɓa shi. Ɗalibin Daura da ya karanta Ruwan Bagaja a makaranta ba zai ga Alhaji baƙo ba, domin ya san gemun audugar tun yana yaro.

Duk da haka littafin yana da rauni ta wannan fuska. Bayan fagen Saburi, malantar Zurƙe ta ɓace. Ya koma abokin ramuwar gayya, yau ya cuci Alhaji gobe Alhaji ya cuce shi, har suka shirya suka zama aminai. Marubucin ya fifita jerin abubuwan ban dariya a kan bin jigon da ya ɗauko, kuma Alhaji bai taɓa biyan bashin ƙaryar malantar da ya yi ba.

A taƙaice, rahar Ruwan Bagaja ba ta taɓa darajar ilmi ba. Abin da ta tona shi ne al'ummar da ke auna sani da girman rawani da kaifin baki. Fasali na gaba zai duba salon sarrafa harshe da marubucin ya yi amfani da shi wajen isar da wannan saƙo.