Sharhi a Kan Amar Akbar Anthony: Jini Ɗaya, Addini Uku

Da yawanmu da muka taso a Dawakin Kudu, a gidan kallo muka fara ganin Amar Akbar Anthony, fim ɗin da Manmohan Desai ya shirya a 1977. Ba ma jin Indiyanci, amma labarin bai ɓace mana ba. 'Yan'uwa uku ne ubansu ya ajiye a gindin mutum-mutumin Gandhi, ƙaddara ta raba su. Ɗan sanda mai bin addinin Hindu ya ɗauki babban, tela Musulmi ya ɗauki autan, limamin coci ya riƙe na tsakiya, wato Amitabh Bachchan. Mai karatu zai tuna inda su ukun suka kwanta a asibiti ana ɗibar jininsu domin wata makauniya, alhali ba su san ita ta haife su ba.

Wannan jigo ya girmi Desai. Tun a 1893 wani malamin Hindu, Swami Vivekananda, wanda ya taimaka wajen kai ilmin yoga ƙasashen Turawa, ya tsaya a taron addinai na birnin Cikago a Amurka yana kwatanta addinai da koguna masu zuba a teku guda. Musulmi ba zai karɓi wannan a matsayin aƙida ba, ba kuma nan sukarmu take ba.

Sukarmu ita ce, Desai ya sauƙaƙa wa kansa aiki. Ciki ɗaya suka fito, to ina abin mamaki don sun so juna? Da aka zo aure kuwa, Amar ya samu Lakshmi, Akbar ya samu Salma, Anthony ya samu Jenny, kowa 'yar addininsa. Ba inda aka taɓa akidar wani, balle a ga iyakar haƙurinsa. Manomin rani a Kura ko Bunkure ya san ruwansa da na maƙwabcinsa duk daga dam ɗin Tiga suke, amma wannan sani bai taɓa hana cacar baki a bakin kwata ba ranar da ruwa ya yi ƙaranci. Wannan ranar ce babu a fim ɗin.

Mu fa, me muka ɗauko? 'Yan bandiri irin su Ushaƙu Indiya a Kano sun ari karin waƙoƙin Indiya suka mai da shi begen Annabi, suka bar wa masu abu addininsu. Marubutanmu na soyayya sun ɗauko auren dole da samari biyu a kan budurwa ɗaya. Amma garin da ya ga tarzomar Oktoban 1991, a cikin tarin littattafan da muka karanta ba mu ci karo da wanda ya zaunar da Musulmi da Kirista a gidan haya ɗaya a Sabon Gari, ba dangin iya ba na baba, ya bi mu da su har safiyar da aka sa dokar hana fita ba.