Shafin Ƙarshe da Littattafan da Ba Su Fito Ba

Duk wanda ya taso da karatun littattafan Adabin Kasuwar Kano ya san shafin nan na ƙarshe, inda marubuci ke jera sunayen littattafai kashi biyu: waɗanda suka fito, da waɗanda ke nan tafe. A shekarun 1990 shafin ya yi rana. Babu wani babban kamfanin ɗab'i da ya tsaya musu, sai marubutan ƙungiya irin ta Raina Kama, su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu, suka riƙa tallata littattafan juna a cikin nasu. Ka sayi ɗaya, ka koma gida da sunayen goma.

Inda gizo ke saƙar shi ne jerin masu zuwa. Raɗa wa littafi suna ya fi rubuta shi sauƙi, ga yabo tun kafin a yi gumi. Na san marubucin da ya shekara uku yana yaɗa hoton bangon littafinsa a Facebook, yana tallata na abokansa, labarin kuwa bai wuce babi na biyu ba. Shi a ganinsa hidimar adabi yake yi. Ni a ganina maɓoya ya samu.

Tallata ƙananan maɗaba'u wajibi ne, don ba su da mai yi musu. Amma a kasuwar da ake sayar da labari kashi-kashi, wanda ya sayi na ɗaya yana bin marubuci bashin na biyu. Alkawari kaya ne. A gama rubutun tukuna, sannan a kira mu.