Kalmar «miss» da makamantanta: sharhi a kan fassara ta hanyar Faransanci

Akwai wata ɗabi'a da ta zauna wa masu tsara jerin kalmomi na Ingilishi da Hausa a ƙasarmu: sai sun biya ta Faransanci kafin su iso ga Hausa. A wajen sunan abin da ake gani da ido, wannan hanya ba ta da wata babbar illa. A wajen kalmomin rashi da kewa kuwa, ɓarnarta a fili take.

Mu duba aikatau «miss». Asalinsa a tsohon Ingilishi shi ne kuskure abin da aka auna, kamar yadda maharbi ke kuskure nama. Daga nan ma'anarsa ta yaɗu: wanda mota ta tashi ta bari, wanda bai halarci taro ba, har wanda zuciyarsa ke begen wani. Mai tsara jeri yakan ajiye «manquer» a gabansa, ya ɗauka aiki ya ƙare. Alhali a jimlar «I miss you» mai jin kewar shi ne aikau, a «tu me manques» kuwa wanda ba ya nan shi ne aikau. Shi ya sa ɗalibin da ya fara da Faransanci ke rubuta wa abokinsa «you miss me», ya juya maganar ba da saninsa ba. Abin mamaki, «ina kewarka» ta bi tsarin Ingilishi daidai. Da an kama daga harshen da yaron ya sha a nono, da kuskuren bai samu ƙofa ba.

Haka «lose». Mai cewa «I lost my father» bai ce kome ba face «na rasa mahaifina», kuma daga wannan saiwa Hausa ta fitar da rasuwa. Amma mabuɗi ɓata yake yi, ba ya rasuwa. «Perdre» ba ta nuna wa kowa wannan iyaka ba. Ita ko «late», a Ingila gaban suna take zuwa da ma'anar marigayi. A Nijeriya ana jin «he is late» da nufin ya rasu, wanda Bature zai fahimta da cewa ya makara. Malamin Maraɗi ko Damagaram, da ɗalibansa ke jin Ingilishin ƙetaren iyaka, ya kamata ya san duka biyun.

«Friend» ta fi su santsi. Ba ta bambanta namiji da mace, ta haɗa aboki da ƙawa da amini, wani lokaci har da idon sani. Facebook ya ƙara sassauta ta, har ƙamus ɗin Oxford na Amurka ya zaɓi «unfriend» a matsayin kalmar shekarar 2009. Jerin da ya rubuta «amini» a gabanta ya ɗora mata nauyin da ba ta ɗauka, sai fa in an ƙara mata «close» ko «best».