Fuska da Alama: Nazarin Zanen Bege a Kundin Ɗaliban Filifin

Al'ada ce a makarantun zane na tsibiran Filifin, kamar sashen fasaha na babbar jami'ar ƙasar da ke Diliman, cewa ɗalibi ya tattara zaɓaɓɓun ayyukansa cikin kundi guda, ya gabatar ga malamai, ko don neman shiga ko don shaidar kammalawa. Kuma wanda ya saba duba irin waɗannan kundaye, nasu da na 'ya'yan Filifinawa mazauna Amurka da Kanada, zai tarar akwai wani nau'i da yake yawan dawowa, wato surar mutum, galibi mace, wadda aka kewaye ta da alamomi: farin furen sampaguita, da nunannen mangwaro, da rigar da aka saƙa da zaren ganyen abarba, da rana mai tsirkiya takwas ta jikin tutarsu, da haruffan baybayin na kafin zuwan Turawa. Abin da ɗalibin yake nufin bayyanawa shi ne bege, ko na masoyi, ko na ƙasar da ba a haife shi cikinta ba, ko na zama wani mutum daban da wanda iyaye suka tsara masa. Malamanmu na balaga za su gane aikin nan take, domin kinaya ce da isti'ara aka yi da launi. Mas'alar da nake son bahasi a kanta ita ce, kowace alama daga cikin waɗannan ta riga ta ɗauki muradin wani tun kafin ta iso hannun ɗalibin, kuma darajar kundinsa tana rataye ne da ko ya san haka.

Tun asalin sana'ar a can, sura da soyayya tare suka taso. Damian Domingo, wanda ya buɗe makarantar zane a unguwar Tondo ta Manila a 1821, ana ba da labarin cewa samari ne suke zuwa gare shi ya zana musu 'yan ƙananan surori na 'yan matan da suke so, kuma da yake ladabin zamanin bai yarda budurwa ta zauna gaban baƙo ya ƙare mata kallo ba, sai ya hango ta a taga ko a kan hanya, ya koma gida ya fitar da kamanninta da ka. Shi ne kuma ya shahara da zanen mutanen ƙasa cikin tufafinsu iri iri, waɗanda fatake da baƙi suke saye su tafi da su. Ashe a duka ayyukan biyu mai biyan kuɗi ne yake da muradi, wadda aka zana kuwa ba a tambaye ta ba. Masu zanen da suka biyo baya, irin su Justiniano Asuncion da Simon Flores, sun zana matan attajirai da irin taka-tsantsan ɗin da za a iya ƙirga zaren surfani a hannun riga, har tufa ta zama ita ce mai magana, tana shelar dukiyar gidan da darajar auren da za a nema.

A hannun Juan Luna ne alamar ta hau matakin siyasa. Bayan ya ci lambar zinariya a Madrid a 1884 da babban zanensa Spoliarium, ya yi wani da ya nuna mata biyu suna hawa matakala, fara ta Sifaniya ta dafa ta Filifin tana nuna mata haske can gaba, wanda ishara ce ga burin masu ilimin zamaninsa na a ɗauke su daidai da Turawa. A 1892 kuma ya zana wata mace zaune ita kaɗai a gidan shan gahawa na Faris, maza uku a gefe, waɗanda aka ce su ne shi kansa da abokansa José Rizal da Ariston Bautista Lin. Masu sharhi na baya suka ce zaman nata ya yi kama da taswirar tsibiran in an juya ta. Ko ta'awilin ya inganta ko bai inganta ba, ya nuna yadda ido ya saba a can da karanta jikin mace a matsayin ƙasa. Bai kamata kuma mai nazari ya tsallake cewa a wannan shekara ce Luna ya harbe matarsa Paz Pardo de Tavera da mahaifiyarta saboda kishi, kotun Faransa kuma ta sallame shi a 1893, domin ɗalibar da ta gaji salonsa tana da hakkin sanin abin da ya sami macen da ta zauna kusa da shi a zahiri.

Wanda ya fi kowa cika rumbun alamomin da ɗalibai suke ɗiba shi ne Fernando Amorsolo, wanda ya rayu daga 1892 zuwa 1972, ya shugabanci makarantar zane ta babbar jami'ar ƙasar, ya kuma zama na farko da hukuma ta naɗa Gwanin Ƙasa. Budurwar ƙauyensa, mai murmushi, riƙe da kwandon mangwaro ko tulu a bakin rafi, hasken rana yana zubo mata ta baya, kyakkyawa ce ƙwarai, ba na musun gwanintarsa ko kaɗan. Sai dai ya zana ta ne a zamanin mulkin Amurka, bayan Sifaniya ta miƙa tsibiran a 1898 a kan dala miliyan 20, kuma Amurkawa da attajiran Manila suna cikin manyan masu sayenta, alhali manoman da ake zanawa a gonar wani suke noma, ana raba amfani ana ƙwarar su. Mangwaron da ɗalibi yake ɗorawa yau kusa da kumatun yarinya, da nufin ya ce ga asalina, daga wannan kwando ya fito, da ƙamshinsa da kuma nauyinsa.

An sami waɗanda suka juya al'amarin. Benedicto Cabrera ya hango wata mata mai tsince-tsince a Tondo a shekarun 1960, ta lulluɓe jikinta da leda, ya yi ta zana ta shekara da shekaru da sunan Sabel, har ledar ta maye gurbin rigar abarba; a Landan kuma ya tsinci tsofaffin hotunan zamanin mulkin mallaka, ya gina jerin zane-zanensa mai suna Larawan a kansu. Mata masu zane da suka kafa ƙungiyar Kasibulan a 1987 sun ƙara gaba. Imelda Cajipe-Endaya ta shigo da saƙar gora ta bangon ɗaki da ƙyallayen gida cikin aikinta, ta kuma yi ta'aliƙi a kan matan da suke fita aikatau ƙasashen waje, Brenda Fajardo kuwa ta ari tsarin katin duba na Turawa ta zuba tarihin ƙasarta a ciki. A ayyukansu macen da ke cikin sura ita ce mai so, tana begen 'ya'yan da ta bari, ko gona, ko hutu, kuma wannan ne ma'aunin da nake auna kundin ɗalibi da shi: in na dubi fuskar, shin tana neman wani abu, ko kuwa an jera ta ne kamar kwanonin amarya a bango? Na fi ƙaunar sura mai alama guda wadda ta fito daga rayuwar mai ita, kamar babban kwalin tsaraba da 'yan ci-rani suke aikowa gida, ko farar rigar jinya ta uwa da ke aiki a Jidda, bisa ga wadda aka cika ta da furanni da haruffan da mai zanen ya kwafo daga intanet.

Saura kudanci, inda Musulmi suke, a Sulu da Mindanao. Can fasaha ta bi hanyar da muka sani, ta kauce wa fuskar ɗan Adam ta koma ga zayyana, wato okir, da tsuntsun nan sarimanok na Maranawa mai riƙe da kifi. Abdulmari Imao, ɗan Sulu, wanda aka naɗa Gwanin Ƙasa a 2006, Musulmi na farko da ya sami wannan daraja, ya gina aikinsa a kansu da kuma rubutun Larabci, ya nuna cewa ana iya bayyana shauƙi ba tare da an zaunar da kowa an kalle shi ba. Ɗaliban Manila da na ƙetare suna yawan aron sarimanok, da zanen jiki na mutanen Kalinga da ke tsaunukan arewa, su liƙa a kafaɗar surar da suka zana don su cika ma'anar gado. Amma wanda kakanninsa Katolika ne na kwarin Luzon baƙo ne ga waɗannan al'ummu, kuma idan ya ɗauki alamarsu bai je ya zauna da su ba, bai san wa aka halatta wa ita ba, to ya yi musu abin da fataken zamanin Domingo suka yi wa kakanninsa.