Labaran 'Yan Ƙaramar Sakandare a Adabin Amurka

A Amurka akwai wani reshe na ƙagaggun labarai da ake rubuta wa yara masu shekara 8 zuwa 12, jarumansa kuwa galibi 'yan ƙaramar sakandare ne, wato aji shida zuwa takwas a tsarin karatunsu. Shekaru ne da jiki ke sauyawa, yaro ya soma damuwa da yadda ake kallonsa. Don haka jigogi huɗu suke yawan haɗuwa a littattafan: ƙungiyar ƙawaye da ke ware wasu, launin fata, ƙirar jiki, da asirin gida.

Jigon warewa shi ne mafi daɗewa. A 1944 Eleanor Estes ta fitar da The Hundred Dresses, labarin Wanda, 'yar baƙi daga Poland, wadda kullum riga ɗaya take sawa, 'yan ajinsu na yi mata ba'a. Marubuciyar ta bi labarin ta idon Maddie, yarinyar da ke tsaye tana kallo ba ta ce uffan ba. Judy Blume ta ƙara zurfafa wannan dabara a Blubber, 1974. Jill mai ba da labarin tana cikin masu tsangwamar Linda saboda ƙibarta, har ranar da shugabar ƙungiyar ta juyo kanta. Ba a yi sulhu mai daɗi a ƙarshe ba, kuma wannan na daga cikin abin da ya sa wasu iyaye suka yi ta neman a cire littafin daga makarantu. Amma a nan ƙarfinsa yake, domin yawancin yara 'yan amshin shata ne, kuma su ne suka fi bukatar ganin kansu a shafi.

Baƙar fata kuwa ta daɗe ba ta samu gurbi ba. A 1965 Nancy Larrick ta wallafa maƙala tana kokawa da yadda littattafan yaran ƙasar suka cika da fararen fata zalla, kuma kusan shekara hamsin bayan haka, a 2014, sai da aka sake tayar da gangamin neman gyara. A 2020 New Kid na Jerry Craft ya ci lambar yabo ta Newbery, ƙagaggen labarin zane (graphic novel) na farko da ya taɓa cin ta. Jarumin, Jordan, ya shiga makarantar kuɗi inda baƙaƙe tsiraru ne, ga malama da ke ta kiran abokinsa da sunan wani ɗalibi baƙi daban. Da irin waɗannan ƙananan abubuwa aka gina labarin, ba duka ba zagi.

Inda launi da jiki da gida suka cakuɗe, nan ne reshen ya fi nuna ƙwarewa. Maleeka ta cikin The Skin I'm In na Sharon Flake, 1998, 'yan uwanta baƙaƙe ne ke yi mata gorin tsananin baƙinta da kayan da mahaifiyarta ke ɗinka mata. Sai ta raɓu da Charlese, tana yi mata aikin makaranta, ita kuma tana ara mata tufafi. Genesis Begins Again na Alicia D. Williams, 2019, ya shiga har cikin ɗaki. Genesis mai shekara 13 tana da jerin abubuwan da ta tsana a kanta. Ta goga lemon tsami a fatarta, ta nemi man bilicin, abin da mai karatu a Kano ko Zinder ba ya bukatar a yi masa bayani. Mahaifinta mashayi ne ɗan caca, ana korar su daga gidan haya, tana ɓoye wa ƙawaye. Daga bisani ta ji daga bakin kakarta cewa danginsu sun daɗe suna fifita auren masu hasken fata. Ashe gorin da ake yi mata a waje, a gida aka fara shi. Haka ma a Starfish na Lisa Fipps, 2021, mahaifiyar Ellie ce kan gaba wajen takura mata a kan ƙiba, har da maganar tiyata.

Asirin gida wani lokaci shi ke jan labarin gaba ɗaya, kamar a The Parker Inheritance na Varian Johnson, 2018, inda wasiƙar da Candice ta tsinta a gidan kakarta ta tono zaluncin zamanin wariya a wani gari na jihar Carolina ta Kudu.

Raunin reshen sananne ne. Marubuci kan ɗora wa yarinya ɗaya matsaloli huɗu, sannan ya kawo malama mai hikima ta warware su a babi na ƙarshe, labari ya koma wa'azi. Littattafan da suka yi ƙarko su ne waɗanda suka bar yaro da laifinsa, suka bar iyaye da nasu, kuma Blubber da Genesis Begins Again suna sahun gaba a cikinsu.