Hawan Jabalun Nur da takun tsofaffi

Tsohuwar da ta wuce ni a kan Jabalun Nur ba za ta gaza shekara 70 ba. 'Yar Indonesiya ce, gajeruwa, cikin farin lulluɓi, carbi a hannun dama, 'yar gorar ruwa rataye a wuya. Minti ashirin kafin nan ni ne na wuce ta ina tsallake matakala bibbiyu, har ina tausaya mata a zuci. Yanzu ga ni zaune a kan wani falalen dutse ina haki, zuciya na dukan uku-uku, ita kuwa ta zo ta gifta ta gabana leɓɓanta na motsi da tasbihi. Ban sake cim mata ba sai a ƙololuwa, inda na tarar har ta huta tana cin dabino.

Dutsen yana arewa maso gabashin Masallacin Harami, tazarar kamar kilomita huɗu. Tsayinsa kimanin mita 640 ne daga saman teku, amma abin da ƙafa za ta hau daga gindinsa bai cika mita 300 ba. A takarda abin wasa ne. Bakanon da ya saba hawa Dala ranar Sallah tun yana yaro zai ɗaga kai ya ga ƙololuwar nan mai kama da tozon raƙumi ya ce ai yanzu-yanzu. To, hangen Dala ba shiga birni ba. Matakalar ta haura dubu, kuma babu wani shimfiɗaɗɗen wuri mai tsawo da ƙafa za ta sarara. Mai ƙarfi da ya iya yakan kai cikin minti 45 zuwa awa ɗaya. Wanda bai iya ba yakan ci awa biyu, ko ya juyo daga rabi yana cewa dama ba farilla ba ne.

Gaskiyarsa, ba farilla ba ne. Hawan ba ya cikin ayyukan Hajji ko Umara, hukumomin Saudiyya ma sun kafa alluna a harsuna da yawa suna tunatar da haka, kuma malamai suna gargaɗi kan shafar duwatsu da neman tabarruki. Abin da ke jan mutane shi ne Kogon Hira, inda Annabi (SAW) yake keɓewa yana ibada kwanaki a jere, ya sauko wurin Nana Khadija ya yi guzuri ya koma, har Mala'ika Jibrilu ya zo masa da ayoyi biyar na farkon Suratul Alaƙ a watan Ramadan na shekarar 610 Miladiyya, yana da shekara 40. A lokacin babu matakala ko ɗaya, babu ƙarfen riƙewa.

Wanda ya warware mini asirin tsohuwar shi ne direban da ya ɗauko mu daga unguwar Shara Mansur, Bahaushen Makka wanda kakanninsa suka zo a ƙasa ta Chadi da Sudan. Da ya tarar da ni zaune sai ya yi dariya ya ce, "Alhaji, dutsen nan ba da ƙirji ake hawansa ba, da dunduniya ne. Shuwayya-shuwayya, a hankali a hankali." Ya sa na tsaya na kalli ƙafafun masu wucewa.

Sabon shiga yakan ɗora yatsunsa kawai a bakin matakala ya yunƙura, nauyinsa duka a kan sha-raɓa, wanda ƙaramin nama ne mai saurin gajiya. Gwani kuwa tafin ƙafarsa gaba ɗaya yake ajiyewa, ya danna da dunduniya, cinya da ƙugu su ɗaga shi. Sai kuma abin da ido ba ya kamawa sai an nuna wa mutum: duk taku ɗaya, yakan miƙe gwiwar ƙafar baya tsaf na ƙiftawar ido kafin ya ɗaga ta. A wannan ɗan lokacin ƙashi ne ke ɗauke da jiki, nama yana hutawa. Hutun ƙiftawar ido sau dubu ya fi zaman minti goma sau uku amfani, domin wanda ya zauna jikinsa ya yi sanyi, tashi ma wani sabon aiki ne. Masu hawan manyan duwatsun ƙanƙara suna koyar da wannan taku a makarantunsu. Tsofaffin da na gani a Hira babu wanda ya koya musu, ciwon gwiwa da shekaru ne suka hora su.

Carbin nan na hannun tsohuwar ma ashe ma'auni ne. Muddin mutum yana iya furta tasbihi a fili ba tare da kalma ta yanke masa a maƙogwaro ba, tafiyarsa daidai take da numfashinsa. Da zarar ya fara haɗiye rabin kalma, ya yi sauri ke nan, sai ya rage. Na gwada, kuma raguwar da sai da na yi ta ba ni kunya, don ji na yi kamar mai rakiyar amarya. Amma daga nan ban sake zama ba.

Lokaci kuwa ba a jayayya da shi. A watan Yunin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Harami, kuma alhazai sama da 1,300 suka rasu a Hajjin shekarar, yawancinsu saboda zafi. Dutse tsirara ne, babu bishiya, kuma yakan sha rana ya riƙe, ya yi ta amayar da ita har bayan magariba. Shi ya sa waɗanda suka sani suke farawa cikin dare su kai sama kafin ketowar alfijir, ko su bari sai watannin Disamba da Janairu. Ruwa kurɓa-kurɓa ake sha tun kafin ƙishi ya zo. Silifa a bar ta a masauki, a sa takalmi mai kama ƙasa. Jaka a goya ta a baya, hannu ya zama a sake, kada kuma a riƙe leda mai ƙara, don biran dutsen sun san abin da ƙararta take nufi, kuma ba sa neman izini.

A sama ne mutum yake manta ƙafarsa. Makka tana kwance cikin kwaruruka tsakanin baƙaƙen duwatsu, fitilu sun cika kowane lungu kamar ruwan da ya kwanta a fadama, ga dogon benen agogo mai mita 601 tsaye a gefen Harami da koren haskensa. Idan aka yi dace kiran sallar asuba ya tashi ana can, daga masallatai ɗaruruwa yake tasowa, wani na bin wani.

Kogon ba a kan ƙololuwar yake ba. Sai an ɗan gangara ta ɗaya gefen, a bi ta wani matsattsen tsagi tsakanin manyan duwatsu, inda mai tumbi zai cire jaka, ya juya ta gefe, ya fitar da numfashi, ya ratsa. Kogon kansa bai kai mita huɗu a tsawo ba, faɗinsa ya ɗan haura mita ɗaya da rabi, kuma wanda ya shiga ya fuskanci ƙuryarsa, alƙibla yake kallo. Jama'a na jira a baya, don haka mai hankali ba ya daɗewa.

Saura saukowa, wadda ita ce ke cin mutane. A hawa numfashi ne ke wahala, a sauka gwiwa ce, domin kowane taku birki ne cinya take takawa da nauyin jiki duka. Tsofaffin matakalan da hannu aka yi su a hankali, wata doguwa wata gajeruwa, wata ta sha tafin ƙafafu har ta yi santsi. Tun da aka buɗe cibiyar al'adu ta Hira a gindin dutsen a 2023 an gyara hanya, amma gangara tana nan yadda take. Direban namu ya sauko a karkace, kafaɗa ɗaya gaba, gwiwa a ɗan lanƙwashe, taku gajere, yana sauya gefe bayan 'yan matakala don kada ƙafa ɗaya ta ɗauki wahalar ita kaɗai. Idonsa na kan taku uku na gaba, ba ya kallon gari sai ya tsaya cak.

Mun iso ƙasa rana ta fara dukan duwatsun gabas. Ƙafafuna rawa suke yi kamar ba nawa ba, kwana biyu kuma ina ɗawafi ina ɗingishi. A wurin ajiye motoci na hangi tsohuwar nan ta kama ƙarfen ƙofar bas ta hau da kanta, sannan ta juyo ta miƙa hannu ta jawo wani saurayi cikin ayarinsu.