Kalangu da Ma'aunin Bugu: Ɗan Tsokaci

Tun da ɗakunan ɗaukar waƙa na Kano suka rungumi kwamfuta, an sha zargin makaɗan gargajiya da rashin riƙe bugu. Wato akan sa wa makaɗi na'ura a kunne tana ƙwas-ƙwas ba ragi ba ƙari, a ce ya bi ta, domin a ɗauki kowane kiɗa dabam, a harhaɗa daga baya. Asalinta ma'aunin nan ne da Maelzel ya yi wa rajista a Turai a 1815.

A ganinmu wannan zargi ba ya bisa hujja. Mai gangar noma a gayyar Gagarawa ko Sule Tankarkar saran manoma yake bi: su yi sanyi ya zuga su, su zabura ya ƙara wuta. Haka mai kalangu a fagen damben ƙasar Gumel, karin harshe da numfashin mawaƙi ne jagoransa. Saurin da sassautawar su ne gwanintar.

Saboda haka abin da ya kamata shi ne a ɗauki makaɗa da 'yan amshi tare, sannan a daidaita na'urar da su. In ba haka ba, za mu adana sauti mu rasa kiɗan.